Tanpura a gidan Coltrane: tarihin jaz ɗin da ya koma addu'a

Mu nan, daga Tawa zuwa Damagaram, in aka ce kiɗan Indiya to hankalinmu sinima yake tafiya: saurayi da budurwa suna zagaya itace, muryar mace siririya kamar zare, ganga tana amsawa. Da shi muka tashi, tun zamanin sinima marar rufi har zuwa kaset da wayar hannu. Amma Indiya tana da wani kiɗan dabam, tsoho ƙwarai, na zaman ƙasa, wanda ba rawa a cikinsa, kuma makaɗi kan yi awa guda yana juya kari ɗaya. Wannan kiɗan ne wasu baƙaƙen fatar Amurka suka ji a ƙarshen shekarun 1950, suka ɗauke shi suka shigar cikin nasu kiɗan da ake kira jaz. Tarihin nan nake so mu bi yau ta hanyar mutum biyu, miji da mata, John Coltrane da Alice Coltrane, don ina ganin a cikinsa akwai amsa ga gardamar da mu ma muke yi kullum a kan aron kiɗan wasu.

Kiɗan da ba ya zama wuri ɗaya

An haifi jaz a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Waƙoƙin aikin gona, da kukan zuci da ake kira bulus, da waƙoƙin majami'a, da bushe-bushen soja, su suka haɗu suka haife shi. Zuwa shekarun 1940, Charlie Parker da Dizzy Gillespie sun mai da shi kiɗan gwanaye mai tsananin gudu. A irin wannan jaz, mai piyano da mai bas suna shimfiɗa wa mabushi muryoyin da zai taka, kuma suna canza su kusan kowane bugu biyu ko huɗu. Mabushi kamar mai tsallake gulbi ne a kan duwatsu, da ya sa ƙafa a kan wannan sai ya nemi na gaba.

Ba wanda ya kai wannan gudu ƙarshensa kamar John Coltrane. An haife shi a 1926 a jihar North Carolina, kakanninsa maza biyu duk limaman majami'a ne. Da saksofon ya yi suna, a ƙungiyar Miles Davis. Sai dai giya da hodar iblis ta heroyin sun kusa cinye shi, har Davis ya kore shi a 1957. Ya koma gidan mahaifiyarsa a Filadelfiya, ya kulle kansa har ya rabu da shaye-shaye. Matarsa ta lokacin, Naima, Musulma ce, kuma tana tare da shi a wannan yaƙi. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa a shekarar nan ya samu farkawa ta zuci, har ya roƙi Allah ya ba shi ikon faranta wa mutane rai da kiɗa.

A 1959 ya naɗi Giant Steps, inda duwatsun tsallake suka yi yawa har makaɗa na koyonsa a makarantu kamar jarrabawa. Amma mutumin da yake son busarsa ta zama roƙo yana da matsala da irin wannan kiɗa. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar zikiri ya san natsuwa ba ta zuwa da tsalle-tsalle, maimaici ne ke kawo ta. A shekarar nan dai ya shiga faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue, inda aka rage canje-canjen, aka bar mabushi ya daɗe a kan tsani ɗaya na muryoyi. Ƙofa ta buɗe. Da ya leƙa, sai ya tarar mutanen Indiya sun yi ƙarnuka suna zaune a ɗakin.

Abin da suka ji daga Indiya

Tsohon kiɗan Indiya yana tsaye a kan abu uku. Akwai raga, wato tsarin muryoyi da ƙa'idojin hawa da sauka, kowane da yanayinsa, wasu na asuba wasu na dare. Akwai tala, wato zagayen bugu da ganguna biyu da ake kira tabla ke riƙewa. Sai na uku, tanpura. Kada a rikita ta da tamburan sarakunanmu: ita wata doguwar garaya ce, yawanci mai tsirkiya huɗu, wadda ba ta yin waƙa ko kaɗan. Aikinta kawai ta riƙe amo ɗaya tun farko har ƙarshe, kamar gunjin ƙudan zuma a cikin amya. A kan wannan amon makaɗi yake gini. Maimakon tsallake gulbi, sai ya tsaya wuri ɗaya ya haƙa rijiya.

Ali Akbar Khan, gwanin sarod, ya naɗi faifai a New York a 1955. Ravi Shankar, gwanin sitar, ya fara zagayen Amurka a 1956. Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: wannan kiɗa a hannun Musulmi da yawa ya iso. Malamin Shankar, wanda ya zauna a gidansa a garin Maihar shekaru yana koyo, Musulmi ne, Allauddin Khan, mahaifin Ali Akbar. Mai buga masa tabla da aka fi sani, Alla Rakha, Musulmi ne. Haka Bismillah Khan na Banaras, sarkin shehnai, wani abin busa ɗan'uwan algaitarmu. Masu sauraro da yawa sun ce in Coltrane ya ɗauki ƙaramin saksofon mai siririyar murya, amon shehnai suke ji.

Kuma kunnen baƙaƙen Amurka a shirye yake. Indiya ta kori Turawan Ingila a 1947. A 1955 ƙasashen Afirka da Asiya suka yi taron Bandung. A 1959 Martin Luther King ya je Indiya don ganin ƙasar Gandhi, wanda daga gare shi ya ɗauki dabarar gwagwarmaya ba da makami ba. Tun 1920 ma wani mai wa'azin Ahmadiyya, Mufti Muhammad Sadiq, ɗan Indiya, ya zo Amurka, kuma ko da yake yawancin malaman Musulunci ba su yarda da wannan ƙungiya ba, ta hanyarta ne makaɗan jaz da dama suka fara sallah suka canza suna: Yusef Lateef, Ahmad Jamal, Art Blakey, har da McCoy Tyner mai buga wa Coltrane piyano. Ga mutumin da aka hana shi shan ruwa a famfo ɗaya da farar fata, Gabas wuri ne da ake iya neman Allah da ilimi ba tare da an bi ta hannun wanda ya bautar da kakanninsa ba.

Shekaru shida na John

A watan Nuwamba 1961, a wani gidan kiɗa na New York mai suna Village Vanguard, Coltrane ya busa wani kiɗa da ya sa wa suna India. Ya sa masu bas biyu, don a samu wanda zai riƙe amo a ƙasa kamar yadda tanpura ke yi. Wasu masu sharhi suka fusata, har aka rubuta a mujallar DownBeat cewa abin da yake yi gaba ne da jaz. Bai tsaya ba.

Zamanin ma ba na natsuwa ba ne. A 15 ga Satumba 1963 masu wariyar launin fata suka dasa bam a wata majami'ar baƙaƙe a Birmingham, ƴan mata huɗu suka mutu. Bayan wata biyu Coltrane ya naɗi Alabama, busa mai kama da makoki. Sai ranar 9 ga Disamba 1964, cikin zama ɗaya, shi da Tyner da Jimmy Garrison mai bas da Elvin Jones mai ganguna suka naɗi A Love Supreme, kiɗa mai kashi huɗu da ya ce godiya ce ga Allah. Ba kayan kiɗan Indiya ko ɗaya a ciki, amma darasin yana nan: ɗan gajeren kari mai muryoyi huɗu, ana juya shi ana maimaitawa kamar mai jan tasbaha.

Ya sadu da Ravi Shankar, kuma da aka haifa masa ɗa a watan Agusta 1965 ya sa masa suna Ravi. A watan Oktoba na shekarar ya naɗi Om, inda ake karanta wani yanki na littafin Hindu, Bhagavad Gita, sannan bushe-bushe su ɓarke kamar guguwa. Shankar da kansa ya nuna abin ya dame shi: ga mutum ya bar cin nama, yana karatun littattafan natsuwa, amma kiɗansa cike da tashin hankali. Sun shirya Coltrane zai je ya zauna ya yi karatu a wurinsa. Ajali ya riga su. Ciwon dajin hanta ya kashe John Coltrane ranar 17 ga Yuli 1967, yana da shekara 40.

Matar da aka bari da garaya

A nan labarin ya koma hannun wadda aka daɗe ana raina ta. An haifi Alice McLeod a Detroit a 1937. Tun tana yarinya take buga piyano da ogan a majami'ar Baptis ta Mount Olive, inda mai wa'azi ke ɗaga murya jama'a na amsawa da tafi da kuka. Ta zama gwanar jaz tun kafin ta san John, ta zauna a Paris inda ta kusanci babban mai piyano Bud Powell. Ta haɗu da John a 1963, suka yi aure a 1965, kuma a farkon 1966 ta gaji kujerar Tyner a ƙungiyar mijinta.

Da ya rasu, ta rage da ƴaƴa huɗu ƙanana a gidansu na Dix Hills, bayan birnin New York. Kafin rasuwarsa John ya sa a ƙera musu hap, wata babbar garaya ta Turawa mai tsirkiya da yawa da ake tsayarwa a ƙasa a kaɗa da hannu biyu. Sai bayan an binne shi aka kawo ta. Alice ta zauna ta koya wa kanta. Shekaru biyu zuwa uku da suka biyo baya sun yi mata nauyi: ta rame, barci ya ƙaurace mata, tana ganin abubuwan da wasu ba sa gani. Ita ta ɗauki wannan a matsayin jarrabawar tsarkake rai. A cikin halin nan aka haɗa ta da Swami Satchidananda, wani malamin Hindu ɗan kudancin Indiya da ya zo New York a 1966, wanda shi ya buɗe babban bikin kiɗa na Woodstock da jawabi a 1969.

Ranar 8 ga Nuwamba 1970, a sutudiyon da ke ƙarƙashin gidanta, ta naɗi mafi yawan faifan Journey in Satchidananda, aka fitar da shi a 1971. A ganina nan ne abin da John ya nema ya zauna daram. Tanpura ta gaske ce ke buɗe kiɗan, a hannun wata mai suna Tulsi. Cecil McBee ya shigo da bas, da ɗan kari guda da yake maimaitawa ba gajiya. Ƙararrawa ƙanana suna kaɗawa, Rashied Ali yana shafa ganguna a hankali. Sai hap ɗin Alice ta zubo daga sama kamar ana tsiyaya ruwa daga tulu, sannan Pharoah Sanders ya shigo da busa. Sanders ɗin nan a ƙungiyar John an san shi da busa mai kama da ihu, amma a nan ya kwantar da murya. Guguwar da ta dami Shankar ta lafa. Kiɗan ƙarshe na faifan kuma, wanda aka naɗa a gaban jama'a a watan Yuli na shekarar, da ud na Larabawa aka yi shi.

Sai dai a kasa kunne da kyau. Wannan ba raga ba ne, kuma Alice ba ta taɓa cewa raga take yi ba. Abin da bas ke maimaitawa bulus ne, yadda yatsunta ke faɗawa a kan piyano kuma na majami'ar Detroit ne. Tanpura ta ba ta tabarmar zama, amma abin da ta zauna ta faɗa daga gidansu ta zo da shi.

Bayan naɗin da ƴan makonni ta bi malaminta zuwa Indiya. Da ta dawo ta koma ga ogan ƙirar Wurlitzer, don ogan na iya riƙe amo ba yankewa kamar tanpura. Masu sharhi da yawa ba su yi mata adalci ba. Wasu suka ce sunan miji take ci, kuma da ta ɗora kiɗan goge na Turawa a kan wasu naɗe-naɗen John a faifan Infinity na 1972, sai aka ce ta taɓa abin da bai kamata ba. A shekarar ta ƙaura zuwa Kalifoniya, a 1975 ta kafa cibiyar karatun addininta, ta ɗauki suna Turiyasangitananda, ta sa tufafi ruwan goro irin na masu gudun duniya na Hindu. Bayan 1978 ta bar kamfanonin faifai gaba ɗaya. A 1982 babban ɗanta namiji, John ƙarami, ya rasu a haɗarin mota. A 1983 ta buɗe zawiyarta, wadda su ke kira ashram, a Agoura Hills, fili mai kusan hekta 19.

Duniya ta ɗauka ta daina kiɗa. Alhali duk Lahadi tana zaune gaban ogan, mabiyanta, da yawansu baƙaƙen fata da suka tashi a majami'u, suna rera waƙoƙin ibada na Indiya. Ta naɗa su a kaset don mutanenta kawai: Turiya Sings a 1982, Divine Songs a 1987, Infinite Chants a 1990, Glorious Chants a 1995. Kalmomin na Sanskrit ne, amma jan baƙi da amshi, da tafi, da yadda murya ke karyewa, duk na waƙoƙin bisharar baƙaƙen Amurka ne. Aƙidar da ke cikin waƙoƙin nan ba tamu ba ce, kuma ba ita nake kira a bi ba. Abin da ke gabana shi ne gaskiyar aikin: mace ta bar kasuwa shekara ashirin da biyar tana yin kiɗan da ba ta nemi riba da shi ba.

Sauran matafiya, da ƴan yayi

Ba su kaɗai suka bi hanyar nan ba. Pharoah Sanders ya sa wa faifansa na 1967 suna Tauhid, na 1969 kuma Karma, wani na 1970 ya ɗauko sunansa daga wata aya ta Suratul Baƙara. A Landan, Joe Harriott ɗan asalin Jamaika da John Mayer ɗan Kalkata suka haɗa makaɗan jaz da na Indiya a dandali ɗaya tun 1966. John McLaughlin na Ingila ya kafa Shakti da Zakir Hussain, ɗan Alla Rakha. John Handy ya naɗi Karuna Supreme da Ali Akbar Khan a 1975.

A gefe kuma ga ƴan yayi. Bayan ƙungiyar Beatles ta sa sitar a waƙarta a 1965, kowa ya ruga neman sitar, aka yayyafa ta a kan waƙoƙi kamar yaji. Shankar ya sha kokawa kan yadda matasan Turawa suka haɗa kiɗansa da shan ƙwaya. Wannan yayi bai yi shekara biyar ba ya wuce, yau ba mai tuna yawancinsu.

Alice kuwa ɗanta Ravi ya lallashe ta ta fitar da faifai na ƙarshe, Translinear Light, a 2004. Ta rasu ranar 12 ga Janairu 2007. A 2017 kamfanin Luaka Bop ya tattara wasu daga waƙoƙin kaset ɗin nan ya fitar, matasan da ba a haifa ba lokacin da aka naɗe su suka rungume su. A watan Nuwamba 2018 wutar daji ta cinye zawiyar Agoura Hills.

Abin da ya shafe mu

Shekara da shekaru muna jin ana cewa waƙoƙin fina-finan Hausa kwaikwayon Indiya ne, a hana. Wasu kuma su ce ai kiɗa ba shi da iyaka, a bar kowa ya ɗauka. Tarihin gidan Coltrane ya sa na daina ganin amfanin tambayar ko aro halal ne ga mawaƙi. Kowa na aro. Masu bandiri a Kano sun ɗora begen Annabi (SAW) a kan karin waƙoƙin fina-finan Indiya, suka ɗauki abin da aka yi don soyayyar sinima suka juya shi ga abin da ya fi musu daraja. Tambayar da ta fi ita ce: me ka je nema, nawa ka biya na lokaci da wahala, kuma me ka riƙo daga gida da za ka zuba a ciki? John ya je neman hanyar da busa za ta daɗe wuri ɗaya har ta zama roƙo. Alice ta je da makokin miji da ogan ɗin majami'ar Detroit. Wanda ya je hannu wofi, da kwafi yake dawowa.

Kuma hanyar ba Indiya kaɗai ta nufa ba. Yusef Lateef, wanda shi ma a Detroit ya tashi kuma yana cikin na farko da suka sa kayan busa na Gabas a jaz, ya zo Zariya a 1981. Ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello har 1985 yana bincike, kuma cikin abin da ya duƙufa a kai akwai sarewar Fulani, wadda makiyayi ke busawa a bayan garuruwanmu ba mai waiwayarsa. Dattijo mai shekara 60 da suna a duniya ya tsallako teku don ita. Mabusan algaita da masu goge da gurmi suna nan a Maraɗi da Damagaram da Tawa, da yawansu sun tsufa, kuma ba kowanensu ke da magaji ba. Ina fatan cikin samarinmu masu sutudiyo a samu wanda zai je ya durƙusa gabansu shekara huɗu, kamar yadda baƙon nan ya yi. Allah ya sa mu dace.